Me ya sa marubutan wasannin bidiyo ke shan yabo amma su ake fara sallama?

Ranar 3 ga Agustan 2023 kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar da wasan bidiyo mai suna Baldur's Gate 3. Kafin shekarar ta ƙare wasan ya lashe kambun gwarzon shekara a bikin The Game Awards, kuma abin da aka fi yaba masa shi ne labarinsa, wanda rubutunsa ya tasam ma kalma miliyan biyu.

Kwana 20 bayan fitowarsa, can a birnin Edmonton na Kanada, kamfanin BioWare, wanda shi ne ya haɗa Baldur's Gate na farko a 1998, ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 50. Cikinsu akwai Lukas Kristjanson, ɗaya daga cikin marubutan wancan wasa na farko, wanda ya shafe fiye da shekara 25 a kamfanin. Akwai kuma Mary Kirby, wadda ta daɗe tana sa wa Varric magana a baki, wato ɗaya daga cikin taurarin da aka fi ƙauna a jerin wasannin Dragon Age. A wata guda aka yi wa rubutu guɗa a Turai aka kuma nuna wa marubuta ƙofa a Kanada.

Wani zai iya cewa katari ne kawai. To amma a farkon 2025 masu shirya babban taron masu haɗa wasanni na GDC sun fitar da sakamakon bincikensu na shekara-shekara, inda suka ji ta bakin mutum fiye da 3,000. Kashi 11 cikin 100 sun ce sun rasa aikinsu a shekarar da ta gabata. Da aka rarraba su bisa sana'a, masu aikin labari ne suka fi kowa shan wuya, da kashi 19 cikin 100.

Domin a gane yadda haka ta faru, sai an fara sanin irin aikin da waɗannan mutane ke yi, don ya sha bamban da na mai rubuta littafi ko fim.

Labarin da rabinsa ke hannun wani

Marubucin littafi sarki ne a shafinsa. Idan ya ga dama ya kashe jaruminsa a babi na goma, mai karatu ba shi da ta cewa sai dai ya yi tsaki ya buɗe babi na gaba. A wasan bidiyo kuwa jarumin yana hannun mai buga wasan. Shi ke tafiyar da shi, shi ke zaɓar ƙofar da zai buɗe, kuma a wasanni da yawa shi ke zaɓar amsar da zai bayar. Marubuci bai san lokacin da mai wasa zai iso wani wuri ba, bai san abin da ya riga ya gani ba, bai ma san ko yana sauraro ba. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem ya ga yadda matasa ke danna maɓalli su tsallake hira don su koma fagen daga ya san abin da ake nufi.

Zaɓi yana da lissafi, kuma lissafin ba shi da tausayi. Idan labari ya rabu gida biyu sau ɗaya, hanyoyi biyu ke nan. Idan ya rabu sau goma, kuma kowace hanya ta kama gabanta, an sami hanyoyi 1,024. Kowace sai an rubuta ta, an ɗauki muryoyinta, an zana motsin mutanenta, an fassara ta zuwa harsuna, sannan an gwada ta don kada ta karye. Babu kamfanin da zai iya biyan wannan kuɗi.

Saboda haka babban sirrin sana'ar shi ne a raba hanya sannan a sake haɗe ta ba tare da mai wasa ya ji an yi masa wayo ba. A wasan The Walking Dead na 2012, wanda kamfanin Telltale ya yi, akwai inda ake tilasta wa mai wasa ya ceci mutum ɗaya cikin biyu, ko Carley ko Doug. Wanda aka bari ya mutu nan take. Wanda aka ceta zai ci gaba da tafiya da kai, ka saba da shi, sai a kashi na uku a harbe shi a wuri ɗaya, ko wane ne a cikinsu. Hanyoyin sun koma sun haɗe. Amma mai wasa ya ɗauki alhakin zaɓinsa tsawon sa'o'i, kuma wannan nauyin a zuciya shi ne abin da marubutan suka sayar masa.

BioWare ta zarce haka, kuma a nan ne ake ganin ƙwarewa da kuma tsadarta. Jerin wasanninta na Mass Effect guda uku, daga 2007 zuwa 2012, suna ɗaukar zaɓin da mutum ya yi a wasa na farko su kai shi na biyu da na uku. A ƙarshen wasa na biyu kowane ɗaya daga cikin abokan tafiyar jarumin zai iya mutuwa. Ke nan da marubutan suka zauna rubuta na uku, ba su da tabbacin wa ke raye a hannun kowane mai wasa.

Ɗauki labarin Mordin. Masanin kimiyya ne wanda ya taɓa sa hannu a aikin wata cuta da aka ƙirƙira don hana wata al'umma mai suna Krogan haihuwa. A wasa na uku ya sami damar gyara laifinsa, ya hau wata hasumiya ya watsa maganin cutar, ya rasa ransa a wurin. To idan ya riga ya mutu tun a wasa na biyu fa? Sai marubutan suka ƙago wani masanin, Padok Wiks, da halinsa da dalilansa na daban, ya tsaya a gurbinsa. Shugaban Krogan ɗin ma haka: idan mai wasa ya bar Wrex da rai tun a wasa na farko, shi ne zai jagoranci mutanensa cikin hankali, idan ya kashe shi, ɗan'uwansa Wreav mai neman fansa ne ke kan mulki, kuma ba wa irin wannan shugaba maganin ya zama abin tsoro. Mai wasa na iya yaudarar Krogan ya ɓata maganin, wanda hakan kan kai shi ga harbin Mordin ta baya. Akwai kuma wata siririyar hanya, wadda sai wasu sharuɗɗa sun haɗu tun daga wasannin baya, inda za a iya lallashin Mordin ya janye ya tsira da ransa.

An rubuta duk wannan, an biya masu murya sun karanta shi, alhali kowane mai wasa hanya ɗaya kaɗai zai gani. A idon marubuci, sauran hanyoyin su ne ke sa wadda aka bi ta yi nauyi. A idon akanta, kuɗi ne aka kashe a kan abin da yawancin masu saye ba za su taɓa gani ba. Rigimar da ake yi yau ta samo asali daga wannan bambancin kallo.

Wasan na uku ya kuma nuna abin da ke faruwa idan aka haɗe hanyoyin da garaje. Da ya fito a Maris na 2012, masu wasa suka tarar cewa bayan shekara biyar suna zaɓi, ƙarshen labarin ya taƙaita ga zaɓuɓɓuka uku masu kama da juna, waɗanda a ido kusan launin haske ne kawai ya bambanta su. Aka yi ca a kan kamfanin. Wasu suka tara kusan dala 80,000 suka ba wata gidauniyar yara don a ji kukansu, wasu suka aika wa ofishin kamfanin ɗaruruwan ƙananan kek masu launi uku amma ɗanɗano ɗaya. A watan Yuni BioWare ta fitar da ƙarin bayani kan ƙarshen labarin kyauta. Da wuya a ga an tilasta wa mai littafi ya sake babinsa na ƙarshe bayan an buga, amma wanda ka ce masa labarin nasa ne, dole wata rana ya zo neman haƙƙinsa.

Abin da baki ke faɗa da abin da hannu ke yi

Ko wasan da ba shi da rassa yana da tasa matsalar. A 2007 wani mai tsara wasanni, Clint Hocking, ya yi rubutu kan wasan BioShock inda ya raɗa wa matsalar suna, ma'anarsa saɓani tsakanin wasa da labari. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Nathan Drake na wasannin Uncharted: a labari mutum ne mai barkwanci da saukin kai, amma a hannun mai wasa yana kashe ɗaruruwan mutane kafin a kai ƙarshe, kuma ko a jikinsa. Masu wasan sun san da zancen, har a kashi na huɗu da ya fito a 2016 suka sanya wata lambar yabo mai wannan suna, wadda ake samu bayan an kashe abokan gaba 1,000.

Haka a Tomb Raider na 2013. Marubuciyar, Rhianna Pratchett, ta tsara Lara Croft a matsayin yarinyar da ta firgice, jikinta na rawa, a karon farko da ta kashe mutum. Ba a jima ba wasan ya miƙa wa mai bugawa makamai, ya jero masa abokan gaba. Labari na son a yi sannu, wasa na son a yi sauri, kuma a irin wannan ja-in-ja wasa ne kan yi nasara, domin shi ake saye.

Waɗanda suka fi iya sana'ar su ne masu mayar da dokar wasan ta zama labarin kansa. Hades, wanda ƙaramin kamfanin Supergiant ya kammala a 2020, wasa ne da ake mutuwa a cikinsa ba adadi. A yawancin wasanni mutuwa katsewa ce, a koma baya a yi kamar ba a yi ba. Marubucinsa Greg Kasavin ya sa jarumin ya zama ɗan sarkin lahira a tatsuniyoyin Girkawa, mai ƙoƙarin tserewa daga gidan ubansa. Duk lokacin da aka kashe shi gida yake komawa, inda uban zai yi masa ba'a, wasu su tambaye shi abin da ya kayar da shi a wannan karon. Faɗuwa ta zama hanyar jin ci gaban labari. An rubuta kusan kalma 300,000 don kada hirar ta riƙa maimaituwa, kuma a 2021 Hades ya zama wasan bidiyo na farko da ya sami lambar Hugo, wadda aka saba ba wa littattafai da finafinan ƙagaggen kimiyya. Abin lura shi ne Kasavin yana cikin masu yanke shawara kan tsarin wasan tun daga tushe.

Mafi yawan marubuta ba su da wannan gata. Pratchett ta daɗe tana kwatanta aikin da na ma'aikacin agajin gaggawa: sai labari ya kusa cikawa ake kiran marubuci ya zo ya ceto shi. An riga an gina wurare, an tsara faɗace-faɗace, sai a ce masa ya samo dalilin da zai kai jarumi daga jirgin ruwa zuwa kan dutse. Idan kuɗi ya gaza aka yanke wani yanki na wasan, babin da ke cikinsa ya tafi, sai ya yi ɗinki. Kuma da zarar an ɗauki muryoyi, sauya jimla ɗaya na nufin a sake kiran mai murya a sake biya.

Wasan BioWare na baya-bayan nan, Dragon Age: The Veilguard, ya bi ta wannan ƙaya. Kamar yadda rahotannin kafar Bloomberg suka nuna, an fara shi a matsayin wasan mutum ɗaya mai labari, aka soke a 2017, aka koma gina shi a matsayin wasan da jama'a za su riƙa bugawa tare ta intanet, sannan a 2021 aka sake juyawa zuwa na mutum ɗaya. Wasan taro ba ya son zaɓin da zai sauya duniya, tunda kowa duniya ɗaya yake ciki. Don haka marubutan suka gaji ginin da aka yi wa wani irin labari, aka ce su zuba wani a ciki.

Da wasan ya fito a ƙarshen Oktoban 2024, cikin abubuwan da aka fi suka akwai rubutun: an ce hirar ta yi laushi, abokan tafiya ba sa saɓa wa juna sosai, kuma zaɓuɓɓuka kaɗan ne aka ɗauko daga wasannin baya. Sukar tana da tushe, kuma ba daidai ba ne a wanke marubutan tas. Sai dai mai saye ba ya ganin shekarun da aka yi ana rushewa ana sake gini. Jimlar da ta fito daga bakin tauraro yake ji, sai ya ɗora laifin a kan wanda ya rubuta ta. A Janairun 2025 kamfanin EA, mamallakin BioWare, ya ce mutum miliyan 1.5 ne suka buga wasan, kusan rabin abin da ya yi hasashe. Kafin watan ya ƙare aka rage ma'aikatan BioWare, kuma cikin waɗanda suka bayyana cewa sun rasa aikinsu har da Trick Weekes, jagoran marubutan wasan, wanda yana cikin waɗanda suka rubuta Mordin.

David Gaider, wanda ya jagoranci rubutun Dragon Age na farko kuma ya bar kamfanin a 2016, ya riga ya yi wannan ƙorafi tun a 2023. Ya ce kamfanin da ya yi suna da labari ya koma yana kallon marubutansa kamar wani nauyi, ana tambayar yadda za a rage rubutu maimakon yadda za a inganta shi.

Rigimar "haushi"

A daidai wannan yanayi ne ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A Maris na 2023 kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna wata manhaja mai suna Ghostwriter, wadda aikinta shi ne tsara daftarin farko na abin da masu sana'ar ke kira "haushi", irin na kare. Su ne gajerun maganganun da mutanen gefe ke yi: mai gadi ya ce ya ji motsi, soja ya yi ihu harsashinsa ya ƙare, 'yar kasuwa ta yi ƙorafin tsada yayin da kake wucewa. Babban wasa na buƙatar dubbansu, kuma kowace sai an yi mata siga da yawa don kada kunne ya gaji. Marubuci zai bayyana wa manhajar mutumin da halin da yake ciki, ta kawo masa jimloli, ya zaɓa ya gyara. Ubisoft ta ce manufarta ita ce ta sauke wa marubuta aikin gajiya don su sami lokacin babban labari.

Hujjar ba ta banza ba ce. Duk wanda aka ce ya rubuta hanyoyi 40 na cewa "ga shi can" zai yi maraba da taimako. Amma akwai abu biyu da hujjar ta tsallake.

Na farko, haushi ba shara ba ne. Jimlar da aka fi tunawa a wasan Skyrim na 2011, wasan da ke da dodanni da yaƙin basasa, ta wani mai gadi ce da ke cewa shi ma da mayawaci ne kafin kibiya ta same shi a gwiwa. Jimla ɗaya ta ba mai gadi tarihi da nadama. Irin wannan kan fito ne daga mutumin da ya gaji da rubuta abu ɗaya ya ce bari ya saka wani abin da ba a zata ba, alhali manhajar an gina ta ne ta kawo abin da aka fi zata.

Na biyu ya fi muhimmanci. Haushi shi ne aikin da ake ba sabon shiga. A nan yake koyon yadda ake bayyana hali cikin kalma bakwai, da yadda magana ke sauka a kunne a tsakiyar faɗa, da yadda injin wasan ke zaɓar jimlar da zai furta. Kamar yaron tela ne da ake fara ba shi sa maɓalli da kalmasa kafin a bar shi ya yanka shadda. Idan na'ura ta karɓe sa maɓalli, an huta a bana, amma nan da shekara goma wa zai yi yankan? Kamfanonin suna sallamar manya saboda tsada, suna kuma toshe ƙofar da ƙanana ke shigowa ta ciki.

Akwai masu hangen da ya wuce haka, wato a bar mutanen cikin wasa su riƙa ƙirƙirar amsa nan take ba tare da an rubuta musu ba. An gwada a bainar jama'a a Mayun 2025, lokacin da wasan Fortnite ya saka Darth Vader mai amsa tambayoyin masu wasa da muryar marigayi James Earl Jones, bisa izinin iyalansa. Cikin sa'o'i kaɗan masu wasa suka ja shi ya yi ashar, sai da kamfanin Epic ya yi gyaran gaggawa. Abin dariya ne, amma ya nuna inda gizo ke saƙar. Abin da ke sa tauraron labari ya zama mutum shi ne akwai abin da ba zai faɗa ba, akwai kuma lokacin da zai yi shiru. Mutuwar Mordin ta taɓa zuciya ne saboda wani ya auna kowace kalma, ya san abin da ya dasa tun wasa na biyu. Ba mamaki a binciken GDC ɗin nan kashi 30 cikin 100 suka ce wannan fasaha na cutar da sana'ar, daga kashi 18 a shekarar da ta gabace ta.

Masu murya sun sami kariya. Ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA a Amurka ta shiga yajin aiki a kan manyan kamfanonin wasanni daga Yulin 2024, ta shafe kusan wata 11, ta fito da yarjejeniyar da ta wajabta neman izini kafin a kwaikwayi muryar mutum ko motsinsa da na'ura. Marubutan finafinan Hollywood ma sun sami nasu sharuɗɗan bayan yajin kwana 148 a 2023. Marubutan wasanni, waɗanda suka rubuta kalmomin da masu muryar ke karantawa, yawancinsu ba sa ƙarƙashin irin wannan yarjejeniya. Da dama 'yan kwangila ne, kuma abin da suka ƙaga mallakar kamfani ne. Robert Kurvitz ɗan ƙasar Estoniya ya shafe shekaru yana gina duniyar da ta zama wasan Disco Elysium na 2019, har ya buga littafi a kanta tun 2013. Wasan ya ci kyaututtuka huɗu a The Game Awards, ciki har da ta labari. Zuwa ƙarshen 2021 an raba shi da kamfanin ZA/UM tare da wasu abokan aikinsa. Kamfanin ya zarge su da rashin ɗa'a a wurin aiki, su kuma suka zargi sababbin masu kamfanin da karɓe shi ta hanyar zamba. Ko wa ke da gaskiya, duniyar da ya ƙaga ta zauna a hannun kamfanin.

Su ma kamfanonin suna da abin faɗa

Babban wasa a yau kan ci shekara biyar ko fiye da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Wasan labari ana sayensa sau ɗaya, a gama a ajiye, kuma da yawa daga masu saye ba sa kaiwa ƙarshensa. Wasan ƙwallo ko na harbi da ake bugawa ta intanet kuwa yana kawo kuɗi kowane wata. Bayan faɗuwar Veilguard, shugaban EA Andrew Wilson ya shaida wa masu zuba jari cewa masu wasa na ƙara neman duniyar da ake tarayya a cikinta, ban da labari mai kyau. Kuma korar ba marubuta kaɗai ta shafa ba: ƙididdigar da masu bibiyar harkar ke yi ta nuna fiye da mutum 10,000 sun rasa aiki a 2023, fiye da 14,000 a 2024.

Sai dai kasuwar ba ta goyi bayan wannan karatu gaba ɗaya ba. Wata uku bayan maganar Veilguard, a Afrilun 2025, wani ƙaramin kamfani a birnin Montpellier na Faransa, Sandfall, ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, wasan mutum ɗaya, labarin makoki da rashin 'yan'uwa. Ya sayar da kwafi miliyan 3.3 cikin kwana 33, kuma a Disamba ya kwashe kyaututtuka tara a The Game Awards, har da ta gwarzon shekara da ta labari. Jagorar marubutansa, Jennifer Svedberg-Yen, ba ta taɓa aikin wasa ba kafin nan. Ta amsa wata sanarwar neman masu gwajin murya ce a Reddit, daga nan ta zama mai rubuta labarin. Da shi da Baldur's Gate 3 da Hades, abin da ya haɗa su shi ne kamfanonin da suka yi su ba sa ƙarƙashin wani katafaren uban gida mai sauya musu alƙibla a tsakiyar tafiya, kuma marubuci na zaune a teburin tun ranar farko. A ganina wannan ya fi bayyana bambancin sakamakon fiye da batun ko jama'a sun daina son labari.

Kada kuma a ɗauka ƙananan kamfanoni mafaka ce. Telltale da ta yi The Walking Dead ta durƙushe a Satumban 2018, ta sallami kusan mutum 250 ba tare da kuɗin sallama ba. A kan kowane Clair Obscur akwai wasanni masu kyakkyawan rubutu da ba su mayar da kuɗinsu ba.

Ita kuwa BioWare, a ƙarshen Satumban 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayar da uwar gidanta EA kan dala biliyan 55 ga wasu masu zuba jari, wato asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da kamfanin Silver Lake da kuma Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Shugaba Donald Trump. Dala biliyan 20 daga cikin kuɗin bashi ne, kuma kamfanin da ke ɗauke da irin wannan bashi yakan duba kowane sashe ya tambayi abin da yake kawowa a wata.

Aikin da ya rage a hannun BioWare shi ne sabon Mass Effect, wanda aka sanar tun ƙarshen 2020. A 2022 ta ɗauko Mary DeMarle, wadda ta jagoranci rubutun wasannin Deus Ex na baya-bayan nan, ta riƙe ɓangaren labarin. Aikin da ke gabanta ya haɗa da tambayar da aka bari tun 2012: cikin ƙarshen nan uku wanne ne ya faru, Krogan sun warke ko an yaudare su, Wrex ne ke mulki ko Wreav. Miliyoyin mutane na da amsoshi daban-daban a ajiye a na'urorinsu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta rassan ba sa kamfanin yanzu.